Igiyar Shanya a Jikin Bishiyar Malam Ganye

Akwai wani tsohon malamin makaranta da ɗalibansa suka laƙaba wa suna Malam Ganye. Sunan ya bi shi har ya yi ritaya, har maƙwabtansa ma suka manta yana da wani.

Ba a banza ya samu sunan ba. Ilimin tsirrai yake koyarwa, kuma bai taɓa shiga aji hannu rabbana ba. Yau ganye a aljihu, gobe saiwa a leda da ƙasarta, jibi ɗan reshe. Sai ya sa reza ya yanko siriri, ya ɗora a ƙarƙashin madubin nan na kimiyya mai girmama ƙananan abubuwa, ya jera yara su leƙa ɗaya bayan ɗaya.

"Ku buɗe ido," in ji shi. "Duk tsiron da kuke gani, ƙananan ɗakuna aka jera aka yi shi, su ake kira ƙwayoyin halitta. Kowace kuma an ƙera ta daidai da aikinta. Ta jikin saiwa ta miƙe siririya kamar gashi, don ta kutsa cikin ƙasa ta tsotso ruwa. Ta saman ganye ta cika cikinta da kore, don ta kama rana ta dafa abinci. A bayan ganye kuma akwai wasu bibbiyu masu gadin ƙofa. In da ruwa su kumbura su buɗe, in babu su saki jiki su rufe."

Yara su yi ta dariya wai ganye da maigadi, shi ko a jikinsa.

To, jama'a, wannan bawan Allah mutumin kirki ne, kada ku ce na ce wani abu. Amma yana da hali guda da ya ishi kowa: ya iya bayarwa, bai iya karɓa ba. Kun san irinsu ai, wataƙila ma akwai ɗaya a gidanku. In ka ce, "Malam, kawo in riƙe maka," sai ya ƙara ƙanƙame kayan kamar ƙwace ka ce za ka yi. Amsarsa kullum guda ce: "Alhamdulillahi, ba na bukatar komai."

Matarsa ce kaɗai ta iya da shi. Ita ba ta tambayarsa, ajiye masa kwano take yi a gaba ta ce, "Ba shawara na kawo ba, ci za ka yi." Sai ya yi ɗan gunaguninsa ya ci.

Ita ce ta dasa bishiyar lemo a tsakar gida, kusa da ƙofar kicin, shekarar da suka tare a gidan. A ƙarƙashinta take wanki, a nan take tsefe wa 'yarsu kai, a nan take zama ta jira shi ya dawo daga makaranta.

Da girma ya zo, ƙafafunta suka fara ciwo. Igiyar shanyarta tana can ƙarshen gida, tafiyar ta fara yi mata nisa. Malam ya samo siririyar igiyar ƙarfe, ya ɗaura gefe guda a tagar kicin, ya zagaye ɗaya gefen a jikin bishiyar, ya sa filaya ya murɗe tamau don kada ta saki. Ta ji daɗi ƙwarai. Tana zaune a kujera take miƙa hannu ta yi shanyarta.

Ciwo ya ci gaba, ya kwantar da ita. Malam ya yi jinyarta shi kaɗai, duk wanda ya ce zai taya shi sai ya yi godiya ya sallame shi. Wata rana da safe, Allah ya karɓi abarsa.

Daga nan gida ya yi shiru.

'Yarsu ɗaya ce tilo, nas ce a wani asibiti a gari mai nisa, tana can da mijinta da 'ya'yanta. Shi Malam, Uwata yake kiranta. Bayan an watse daga zaman makoki ta yi ta roƙonsa ya bi ta, ya ce shi da gidansa. Ta ce to a samo mai zuwa yana yi masa girki da shara, ya ce hannunsa biyu lafiya lau. Haka ta tafi tana kuka a mota.

Malam ya rufe ƙofar kicin ta baya, wadda ke kallon igiyar, bai ƙara buɗe ta ba. Maƙalan shanyar marigayiya na roba suna nan jere a kan igiyar yadda ta bar su, rana ta cinye launinsu. Ba ya iya kallonsu. In zai ba bishiyar ruwa, sai ya zagayo ta jikin katanga da bokitinsa, kansa a sunkuye, ya zuba ya juya. Nasa wankin kuwa a bayan kujerun falo yake shanyawa.

Kofi biyu ne a kan tire, ɗaya yake wankewa. Rediyo na magana tun safe, ba don yana saurare ba, don dai a ji muryar mutum a ɗakin. Abincinsa shayi da burodi, in ya tuna. Wani lokaci sai ya ji ya buɗe baki zai ce, "Kin ji abin da suka ce?" sai ya tuna, ya mayar da bakinsa ya rufe. Kewa ta ci shi, ta ci shi, amma ko da wasa bai taɓa faɗa wa kowa ba.

Jikin katangarsa akwai shagon wani mai aski, mutum mai surutun tsiya, har mutanen layin suna ce masa Sarkin Zance. Shi da matarsa suna jin tausayin Malam. Sau da yawa matar takan zuba abinci a kwano, Mai Aski ya kawo da kansa.

"Malam, ga shi in ji mutuniyar taka. Ta ce in ka dawo da shi yau, ni za ta hana nawa."

"Allah ya yi albarka. Yanzun nan na ci."

"Me ka ci? Ni fa ban ji ƙamshin komai ta katanga ba, ko tukunyarka ba ta da murya ne?"

Malam sai ya yi murmushi, ya shiga ciki, ya fito da lemo cike da leda, ya ɗora a kan murfin kwanon da bai buɗe ba, ya miƙa masa. Mai Aski ya koma yana girgiza kai.

Wanda ya fi ciwo shi ne abin da ya yi wa 'yarsa Nas. Da lokacin sanyi ya gabato, ta haɗa masa kwali guda: rigar sanyi mai kauri, bargo, madara, da sauran kayan abinci. Ta ba direban mota ya kawo har ƙofar gida. Malam ya buɗe, ya shafa rigar, ya ji laushinta, har ya ɗan kara ta a ƙirji. Sai wannan halin nasa ya motsa. Ya ce a ransa, yarinyar nan tana da 'ya'ya, ni zan zame mata kaya? Ya mayar da komai, ya cike sauran wurin da lemo, ya ɗaure, ya ba direban ya koma da shi.

Ta kira shi. "Baba, me na yi maka?"

"Ba ki yi komai ba, Uwata. Ki ba masu bukata. Kin ga lemon? Na bishiyar mamanki ne."

Ta ce, "To, Baba."

Tun daga ranar ba ta ƙara aiko da komai ba. Kiran ma ya koma gajere. Ina kwana, lafiya lau, ya jiki, Alhamdulillahi, sai an jima. Malam yakan riƙe wayar bayan ta kashe, yana kallon fuskar wayar har ta yi duhu. Shi a ganinsa ya sauƙaƙa mata.

Shekaru suka ɗan tura. Sai ga wata shekara bishiyar ta yi 'ya'yan da ba ta taɓa yi ba. Rassa har lanƙwasawa suke, lemo kuma zaƙi kamar an zuba sukari. Malam ya raba wa layin kaf. Masu wucewa suna leƙowa ta saman katanga suna cewa, "Kai, Malam, wannan bishiya taka tana cikin ƙoshin lafiya!" Shi kuma ya ji daɗi, domin lemon nan ne kaɗai ke kawo mutane ƙofarsa. In ya ƙare, ƙafa ta ɗauke sai wata shekara.

Bayan an gama tsinka, ganyen saman ya fara yin rawaya-rawaya. Sababbin da suka fito ƙanana ne. Malam ya ce zafi ne, ya ƙara mata ruwa.

Wata safiya ya ɗauko bokiti, tun jiya da rana bai sa komai a cikinsa ba. Yana isa gindin bishiyar sai jiri ya ɗebe shi. Bokitin ya faɗi, shi kuma ya kai hannu ya rungumi bishiyar don kada ya kife. Yana tsaye a haka, ido a rufe, sai ya ji tafin hannunsa a kan wani tudu.

Ya buɗe ido.

Igiyar ƙarfen ta ɓace a jikin bishiyar. Bishiya ta yi ta ƙiba shekara da shekaru, igiya kuwa ba ta san ƙiba ba, sai ta nutse cikin ɓawon ta yanke shi, ta zagaye kaf. Saman yankan ya kumbura ya yi leɓe, ƙasansa kuma ya tsuke ya bushe.

"Innalillahi," in ji Malam. Ya zauna daɓas a cikin ruwan da ya zube.

Ba sai an yi masa bayani ba. Abin da ya koyar ne har muryarsa ta dishe. Ya san dalilin lemon nan mai yawa mai zaƙi: abincin da ganye ke dafawa ne ya rasa hanyar sauka zuwa saiwa, ya taru a sama. Ruwa yana ta hawa, shi ya sa ganye bai bushe ba. Amma saiwar da ke aiko da ruwan, yunwa ke kashe ta a ƙarƙashin ƙasa, inda ba mai gani. Ranar da ta gaza, bishiyar za ta tafi gaba ɗaya.

Bishiyar matarsa. Kuma da hannunsa ya murɗe igiyar.

Ya rarrafa ya ɗauko filaya, ya datse igiyar, ya yi ta zaro ta daga cikin ɓawon guntu-guntu. Maƙalan shanyar suka zube a ƙasa. Ya tsince su ɗaya-ɗaya ya zuba a aljihu, hawaye na ɗiga a bayan hannunsa.

Amma cire igiya ba ya mayar da hanyar da ta yanke. Magani ɗaya ya sani, shi ne a yi wa raunin gada. A yanko 'yan rassa masu kaurin fensir daga saman bishiyar, a fiƙe bakinsu biyu, a cusa ɗaya a ƙarƙashin ɓawon da ke saman raunin, ɗaya a na ƙasa. In Allah ya sa sun kama, abinci ya bi ta cikinsu ya tsallake.

Aikin yana son abu biyu: mai hawa sama, da hannun da ba ya rawa. Malam ba shi da ko ɗaya.

Kuna tsammani ya nemi taimako? Ina! Wannan mutum da taurin kai. Ya jawo teburin kicin, ya hau da kyar, ya karyo 'yan rassan da hannunsa ya kai. Ya zauna da reza. Yanka na farko ya karkace. Na biyu ya tsage reshen gida biyu. Na uku ya yanki babban yatsansa. Da ya zo ɗaga ɓawon bishiyar kuwa, hannunsa ya yi rawa ya ɓalle guntu, ya ƙara mata rauni a kan rauni.

Ya ajiye rezar. Ta katanga yana jiyo Mai Aski yana zuba labari, masu jiran layi suna ta ƙyalƙyala dariya. Taku kaɗan ne tsakaninsu, amma Malam ya ji kamar a wata duniya suke.

Ya shiga ɗaki ya ɗauki waya. Ya nemo sunan Uwata, ya ajiye. Ya sake ɗauka, ya sake ajiyewa. Wallahi da a ce jikinsa ne ke ciwo, da ba zai kira ba. Amma ya leƙa ta taga ya ga ganyen nan masu rawaya, sai ya danna.

"Baba? Lafiya?" Ta tsorata, don ba shi ke kira ba.

"Lafiya lau, Alham..." Sai ya tsaya. Ya haɗiye sauran. "A'a, Uwata. Ba lafiya ba. Bishiyar mamanki za ta mutu. Na san maganin, amma hannuna ya ƙi. Ina so ki zo ki taimake ni."



"Sake faɗa, Baba."

"Na ce ki zo ki taimake ni."

"Ina zuwa," in ji ta.

Ranar hutunta na farko ta iso da hantsi, da 'yar jaka a kafaɗa da kwali a hannu. Ta tsaya a ƙofar falo tana kallonsa. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa, wandon an ƙara wa bel huda. Ta ga wanki a bayan kujeru, ta ga busasshen burodi a kan tire. Ta ajiye kwalin a gefe, shi ma ya yi kamar bai gani ba.

"Mu je in gani," in ji ta.

Da ta ga tsayin rassan, ta ce sai da tsani. Malam ya fara cewa ai teburin ma zai yi, ta riga ta leƙa ta katanga ta yi sallama. Kafin ka ce me, ga Mai Aski da tsani a kafaɗa, da askarsa sabuwar wasawa a aljihu, ya bar wani da rabin kai a shago.

"Yau ko wace rana! An kira ni gidan Malam! Bari in taka a hankali kada in farka."

Ya hau, Malam na ƙasa yana nuna masa. "Ba wannan ba, na kusa da shi. Mai kaurin fensir. Yauwa. Kuma ka riƙe shi yadda ya tsiro, kada ka juya kansa ƙasa, in an juya ba ya aiki."

"Ashe reshe ma ya san sama da ƙasa," in ji Mai Aski. "Ya fi wasu masu zuwa shagona."

Ya sauko da rassan, ya ba Nas askar, ya koma ya ƙarasa wa mai rabin kai. Uba da 'ya suka durƙusa a gindin bishiyar. Ta wanke hannu, ta kama reshe, ta ja aska sau ɗaya. Yankan ya fita sumul. Malam ya bi hannunta da kallo, hannun uwarta ne sak.

"Yi mini bayani, Baba," in ji ta, idonta a kan aikin. "Ba na son yanka abin da ban gane ba."

Malam ya gyara murya. Rabon da wani ya ce ya yi masa bayani har ya manta.

"Hanya biyu ce a jikin bishiya. Ta ciki, cikin katakon, ita ke kai ruwa sama. Ƙwayoyin da ke wurin matattu ne. Sun zubar da duk abin da ke cikinsu, sun fasa bangon da ke tsakaninsu, sun zama bututu, jikinsu ya yi tauri. Shi ya sa igiya ba ta dame su ba. Ɗayar hanyar kuma tana nan, ƙarƙashin ɓawo kaɗan. Ita ke sauko da abinci daga ganye zuwa saiwa. Waɗannan rayayyu ne, masu laushi, bakin kowace da 'yan huji kamar rariya don abinci ya wuce. Su igiyar ta yanke."

"Ɗaga mini nan." Ya ɗaga, ta cusa bakin reshen a ƙarƙashin ɓawon a hankali. "To ita saiwar, da ba ta samun komai, me ya sa ba ta daina aiko da ruwan ba?"

"Ba ta iya dainawa ba. Tana cin ɗan abin da ta ajiye, tana aikowa, har ya ƙare."

"Daga waje kuma kowa na cewa lafiya lau."

"Har ma yabo ake yi."

Nas ta ɗaure reshen da yankakkiyar leda, ta ja ta ƙulle. Ta ɗauki na biyu. Sai da ta fiƙe shi sannan ta yi magana, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Ka san me na yi da lemon da ka cika mini kwali da shi? Ban sha ko ɗaya ba. Ina kallonsu har suka ruɓe. Rigar nan, Baba, shago nawa na shiga kafin in samu mai irin launin da kake so. Ka yi mini komai tun ina cikin zani, ka yi wa Mama komai, ni kuma ka hana ni in yi maka ko abu ɗaya. Ka san yadda ake ji? Ji nake kamar ba ni da uba, sai mai aiko da lemo."

"Ba na so in zame miki nauyi ne, Uwata."

"Nauyin da ka ɗora mini ya fi wannan. Kullum ina wurin aiki ina ba iyayen wasu magani a baki, ina tunanin ko nawa ya ci abinci."

Ya dubi raunin da ya zagaye bishiyar, ya dubi yatsansa da ya ɗaure da tsumma.

"Riƙe nan," in ji ta. Ya riƙe.

Haka suka zagaye bishiyar da 'yan gadoji. Ya narka kyandir a gwangwani, ta shafe bakin kowane don kada iska ta busar da shi. Da suka gama rana ta take, gwiwoyinsu duk ƙasa.

"Za ta rayu?"

"Ban sani ba. In saiwar tana da sauran ƙarfin karɓa, za ta rayu. In mun makara, mun makara."

Ta shiga kicin. Ya ji ƙarar sakata, sai ga ƙofar baya ta buɗe, wadda ya rufe tun rasuwar. Ba a jima ba ƙamshi ya cika gidan. Ta fito da kwano ta ajiye masa a gaba, a nan ƙarƙashin bishiyar.

Ya ɗaga kai zai yi magana.

"Ba shawara na kawo ba," in ji ta.

Malam ya sunkuyar da kai ya ci. Yana ci yana share ido da hannun riga, har ya ga ƙasan kwanon. Da za ta koma washegari, ya rako ta bakin titi sanye da rigar sanyin nan, alhali ko sanyin kirki ba a fara ba.

Sai jira. Kullum da safe ya fito ta ƙofar kicin ya durƙusa ya duba. Wasu gadojin suka yi baƙi suka bushe. Wani babban reshe ya mutu, Mai Aski ya zo ya sare shi. Amma sauran gadojin suka ƙi bushewa. Suka yi kore, suka fara kauri, bakinsu ya haɗe da jikin uwar. Ranar da ya ga sabon toho mai faɗin ganye a sama, bai jira ta kira ba, shi ya kira.

Sai dai da lokacin lemo ya zo, bishiyar ba ta yi ko ɗa ɗaya ba. Duk abin da ta samu ƙasa take aikawa. Malam ya san haka ya kamata, amma ransa ya sosu. Ya zauna a ƙarƙashinta yana tunani: bana ba ni da abin ba kowa, wa zai taka ƙofar nan?

Yana cikin haka ya ji sallama. Mai Aski ne, kwano a hannun dama, leda a hagu.

"Ga na mutuniyar taka. Wannan kuma nawa ne." Ya zazzage ledar a kan tabarma, lemo ne 'yan ƙanana na kasuwa. "Shekara da shekaru muna shan naka. Bana kai za ka sha namu. In ka ce yanzun nan ka sha, wallahi sai na aske maka gira."

Hannun Malam ya motsa, ya waiga ciki kamar mai neman abin da zai ɗora a kan murfin kwanon. Babu komai. Ya dawo da hannun, ya ɗauki lemo ɗaya, ya ɓare, ya jefa a baki. Fuskarsa ta yamutse.

"Kai! Wannan ai tsami ne zalla. An cuce ka."

"To kawo abina."

"A'a," in ji Malam Ganye, ya jawo sauran gabansa. "Zauna. Miƙo kwanon kuma."

Darasi: Ba duk mai cewa "lafiya lau" ne yake lafiya ba, wani yana ta bayarwa ne alhali yunwa da kewa na cinsa a inda ba a gani, don haka ku matsa kusa ku duba. Kai kuma mai girman kan da ba ya karɓa, ka sani hana masoyanka su yi maka alheri ba sauƙaƙa musu ba ne, yanke hanyar da ke tsakaninku ne. Ka koyi cewa "ina bukata" tun da sauran lokaci. Ku tura wannan labari ga wanda kuka san ya iya bayarwa bai iya karɓa ba, sannan ku kira shi ku ji ko ya ci abinci yau.